Gangaren Layi da Yadda Ake Rubuta Daidaitonsa

A aljabara, kowane miƙaƙƙen layi da aka zana a takardar giraf, ban da wanda ke tsaye cak, yana da gangare, wato ma'aunin yadda yake hawa ko sauka. Daga ɗigo biyu da ke kan layin ake samo shi: a ɗauki bambancin ƙimar y, a raba shi da bambancin ƙimar x. Misali, tsakanin ɗigo (1, 3) da (4, 9), y ta ƙaru da 6, x kuma da 3, saboda haka gangaren 2 ne. Duk taku ɗaya zuwa dama, layin yana hawa biyu.

Idan amsar ta zo da alamar ragi, layin sauka yake yi. Idan sifili ce, a kwance yake. Layin da ke tsaye cak ba a iya lissafa gangarensa, domin bambancin ƙimar x ɗinsa sifili ne, kuma ba a raba lamba da sifili.

Daidaiton layi kuwa ana rubuta shi y = mx + c. Harafin m shi ne gangare, c kuma ƙimar y a wurin da layin ya ratsa ginshiƙin y. In aka saka ɗigon farko na misalin da ke sama, tare da gangarensa 2, sai a sami 3 = 2 + c, wato c = 1. Daidaiton ya zama y = 2x + 1, kuma ɗigo na biyu ya tabbatar da shi, tunda 2 sau 4 a ƙara 1 ya ba da 9.