Algus a Magani: Labarin Dora Akunyili

Ya ku 'yan kasuwa da dillalan Kakuri, mu masu hatsi in an zuba tsakuwa a buhun gero, hannu ke ganewa. Magani kuwa ba a gane algus ɗinsa sai ya yi ɓarna.

Dora Akunyili ta ɗanɗana wannan, domin allurar ciwon suga ta jabu ce ta kashe ƙanwarta a 1988. Da aka ba ta shugabancin NAFDAC a 2001, sai ta yi ta ƙona jabu. A 2003 aka harbi motarta, harsashi ya huda ɗankwalinta. A 2004 ɗakin gwajin hukumar na Kaduna ya ƙone, amma ba ta fasa ba. Ta rasu a 2014.

To, kada a saro magani sai mai lambar NAFDAC.