Me Ya Sa Takardar Ba Ta Dawowa?

Likita ya gwada sabon magani a kan mutum dubu, bayan shekara ya aika musu takardar tambayoyi: ciwon ya lafa? Ana samun barci? Rabi suka amsa, rabi shiru. Abin tsoron shi ne, masu shirun nan sau da yawa su ne waɗanda jiki ya fi tsananta musu. Idan aka yi lissafi ba da su ba, sai magani ya fito da kyan da ba nasa ba.

Masana ɗabi'ar ɗan Adam sun daina ɗaukar wannan shiru a matsayin lalaci. A 2011, Farfesa Susan Michie ta Landan da abokan aikinta suka tsara wani ma'auni da ya ce mutum ba ya aikata abu sai abu uku sun haɗu: iyawa, dama da kuma so. Tsohon da idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa ya rasa iyawa. Matar da aka ba takarda ba tare da ambulan mai kan sarki ba ta rasa dama. Wanda ba a faɗa masa amfanin amsarsa ba kuwa, ina zai samo so? Kowanne da maganinsa, kuma tunatarwa ta goma ba za ta ƙara girman haruffa ba.

Tun 1978 Don Dillman na Amurka ya nuna cewa mutane na amsawa idan wahalar kaɗan ce kuma sun yarda da mai tambaya. A 2002, Phil Edwards da tawagarsa suka tattara gwaje-gwaje 292 a mujallar BMJ. Gajeriyar takarda ta fi doguwa dawowa, haka wasiƙa mai sunan mutum, haka wadda ta fito daga jami'a maimakon kamfani. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne 'yan kuɗin da aka saka cikin ambulan tun farko, ba tare da sharaɗi ba, sun fi alƙawarin biya daga baya tasiri. Alheri ne aka fara yi, mutum kuma na jin nauyin ramawa.

A ƙasar Hausa, inda galibi ma'aikaci ne ke sallama a ƙofar gida da tambayoyinsa, yarda ce kan gaba. Gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Shi ya sa mai bincike ke fara bi ta wurin mai unguwa da limami, yana kuma tura mace ta shiga wurin matan gida.