Ƙunar ganyen shinkafa: ruwa ke yaɗa ta, mutum ke kai ta nesa

Da yawa daga cikin shinkafar da ake dafawa a gidajen Turaki da sauran unguwannin Jalingo daga kwarin Binuwai take fitowa, daga fadamun Lau da Karim Lamido da Gassol har zuwa Ibi. Gonakin nan masu su daban-daban ne, amma ruwa ɗaya ke ratsa su. Abin da ya fita daga fangalin wani da safe, kafin la'asar yana cikin na maƙwabcinsa. Akwai wata cutar shinkafa da wannan zumuncin ruwa ya fi yi wa daɗi, wato ƙunar ganye, wadda ƙwayar bakteriya mai suna Xanthomonas oryzae ke haddasawa.

Daga bakin ganye take farawa. Gefen ganyen zai yi kamar ya jiƙe, sai ya koma rawaya, sai ya bushe ya yi fari-fari, bushewar tana gangarowa ƙasa da gefe mai lanƙwashe-lanƙwashe. Manomi na iya cewa taki ne bai isa ba, ya ƙara yuriya, alhali yawan yuriya ƙara wa cutar ƙarfi yake yi. Akwai gwaji mai sauƙi: a yanki ganyen da ya fara kamuwa, a tsoma bakin yankan a kofin gilas mai ruwa garai. In cutar ce, bayan ɗan lokaci za a ga wani abu fari yana zubowa, ruwan ya yi duhu-duhu. Ƙwayoyin cutar ke nan, miliyoyinsu.

Ta ina suke shiga? A gefen ganyen shinkafa akwai ƙananan ƙofofi da tsiron ke fitar da rarar ruwa cikin dare. Ba duk ɗigon da ake gani da asuba ne raɓa ba, wani daga cikin ganyen ya fito. Ƙwayar cutar takan faɗa cikin ɗigon nan, ta bi shi ta shige jijiyoyin da ke kai ruwa, ta hayayyafa har ta toshe su. Rauni ma ƙofa ne: ganyen da iska ta yayyaga, saiwar da ta tsinke wajen cire dashe, da kan dashen da wasu ke datsewa kafin su dasa. Idan ta kama shinkafa tana ƙarama, tushen gaba ɗaya yakan yanƙwane ya mutu. Idan ta zo daga baya, zangarniya ba ta cika ido. Inda iri ba shi da juriya kuma yanayi ya yi mata daidai, asara takan kai rabin amfanin gona.

Daga ganyen da ya kamu, cutar takan tsattsafo ta faɗa ruwa, ko ruwan sama mai iska ya fantsama ta kan na kusa. Ambaliya kuwa komai take haɗa mata: ta raunata ganye, ta shafe kunyoyin da suka raba gonaki, ta kwashi ruwan wannan ta zuba wa wancan. Mutanen bakin Binuwai ba su manta da 2012 da 2022 ba, shekarun da ruwan sama da sakin madatsar Lagdo ta Kamaru suka haɗu. Bayan girbi cutar takan laɓe a tushiyar shinkafa da gyauro da shinkafar daji da wasu ciyayin bakin ruwa. Inda ake noman damina a bi shi da na rani a fili ɗaya, ba ta rasa wurin zama duk shekara.

Sai dai cutar ba iri ɗaya ba ce ko'ina, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. A Japan aka fara lura da ita a 1884. A Afirka ta Yamma kuwa sai a 1979 aka ba da rahotonta a Mali, daga baya aka same ta a Senegal da Nijar da Najeriya. Da farko ana iya zaton daga Asiya ta biyo iri. Da masana suka kwatanta ƙwayoyin gadonta, sai suka tarar ta Afirka zuriya ce daban, mai nata tarihin. Wani bincike na 2007 ya raba ta Afirka gida uku bisa irin shinkafar da kowacce ke iya kayarwa, daga baya aka gano ƙarin wasu a Mali.

Bambancin yana cikin makaman da kowacce ke ɗauke da su. Ƙwayar cutar takan tura wasu sinadarai cikin ƙwayar halittar ganye, su je su kunna ƙwayoyin gadon da ke fitar da sukari, tsiron ya riƙa ciyar da maƙiyinsa da kansa. Kamar ɓarawo ne da ya sassaƙa mabuɗin rumbu. Shinkafa mai juriya ita ce wadda kwadonta ya sauya har mabuɗin ya daina shiga, ko wadda ke gane ɓarawon tun a ƙofa. Zuriyar Afirka tana da irin waɗannan mabuɗai wajen 9, ta Asiya kuwa takan riƙe 15 ko fiye. Shi ya sa kalmar "mai jure cuta" da ake faɗa wa manomi take buƙatar tambaya: wace zuriyar cutar yake jurewa?

Wani abin da ya kamata mu yi alfahari da shi: ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon juriya mafi shahara a duniya, Xa21, daga shinkafar dajin Mali aka samo ta. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin ta shigar da ita cikin shinkafar noma, sannan Pamela Ronald da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka ware ta a 1995. Ciyawar da manomi ke cirewa yana tsaki, ashe dukiya ce.

Abin da ya faru a Tanzaniya shi ya fi tayar mini da hankali. A 2019 cutar ta ɓarke a gonakin ban ruwa na Dakawa, a yankin Morogoro, da tsananin da ba a saba gani ba, kuma cikin 'yan shekaru ta bazu zuwa wasu sassan ƙasar. Binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna ba zuriyar Afirka ba ce, 'yar'uwar ta lardin Yunnan ce a ƙasar Sin. Babu kogin da ya haɗa Yunnan da Morogoro. Hannun mutum ne ya tsallako da ita, kuma iri aka fi zargi. Da ta sauka, ta tarar da shinkafar da ba ta taɓa karo da makamanta ba, sauran aikin kuma ruwan magudana ya ƙarasa.

A ganina Taraba tana da duk abin da irin wannan baƙuwa ke nema. Ga iyaka mai tsawo da Kamaru, ga iri yana yawo daga hannu zuwa hannu ba takardar shaida, ga fadama guda an shuke ta da iri ɗaya, FARO 44 ko makamancinsa, saboda shi masu injin casa ke so. Idan zuriyar da ta fi ƙarfin irin ta shigo, babu gonar da za ta tare mata hanya.

Babu feshin da za a dogara da shi idan ta riga ta shiga jijiya, don haka aikin na rigakafi ne. A nemi iri mai shaida, a bar datse kan dashe, a raba yuriya kashi-kashi, a gyara magudana yadda kowane fangali zai sha daga babbar hanya maimakon daga na maƙwabci, a kife tushiya da gyauro bayan girbi. Wanda ya ga ƙuna ta cinye irin da a da ke tsayawa, ya kai ganyen wurin malaman gona. Su kuma su miƙa shi ga masu bincike, a Jami'ar Jihar Taraba da ke nan Jalingo ko cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja, a duba ƙwayoyin gadonsa a san ko tsohuwar zuriyar yankinmu ce ko wata sabuwa ce ta iso.