DA ME A KE AUNA MALAMI MAI BINCIKE?

Hatsi da mudu a ke auna shi, yadi kuwa da kamu. To, aikin malami mai bincike fa, da me za a auna shi? Tambayar nan ba ta wasa ba ce, domin a jami'o'in duniya ƙarin girma da kuɗin bincike sau da yawa a kanta su ke rataye. Duk wanda ke da niyyar ci gaba da karatu bayan ya bar kwalejin nan ya kamata ya san yadda abin ya ke.

Hanya ta fari ita ce ƙidayar ambato. In malami ya rubuta maƙala, dole ya faɗi sunayen waɗanda ya ɗebi ilmi daga rubutunsu. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shawara a 1955 cewa a riƙa tattara ambaton nan ana ƙirgawa. A 1964 kamfaninsa na Filadelfiya ya soma fid da kundin da a ke kira Science Citation Index. Daga nan sai ya zama ana iya duba ko mutum nawa su ka yi amfani da aikin wane.

Amma jimla kaɗai ta kan ruɗi mutum. Wani ya rubuta maƙala ɗari ba mai kula su, wani kuwa guda ɗaya tak ta yi suna. Saboda haka a 2005 Jorge Hirsch, malamin kimiyya a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego, ya fito da abin da a ke kira lambar h. Ga yadda a ke lissafinta. A ce malami yana da maƙala 7, an ambace su sau 40, 18, 9, 6, 5, 3 da 1. Guda 5 daga ciki kowacce an ambace ta aƙalla sau 5, amma babu guda 6 da kowacce ta kai sau 6. To, lambarsa 5 ke nan. Kun ga ta haɗa yawan aiki da karɓuwarsa wuri ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce duba abokan aiki. Paul Erdos, masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, wanda ya rasu a 1996, ya rubuta maƙala wajen 1,500 tare da mutum fiye da 500. Sai masu lissafi su ka ƙago wani awo da sunansa. Wanda ya yi rubutu da shi lambarsa 1, wanda ya yi da wannan kuma lambarsa 2, haka har gaba. Albert Einstein lambarsa 2, domin ya yi rubutu da Ernst Straus, shi kuwa Straus ya yi da Erdos. Abin da wasa ya soma, amma yau da irin wannan lissafi a kan gane wanda ke haɗa kan masana na fannoni dabam dabam.

To, sai dai a yi hattara. Gregor Mendel ya buga bincikensa na gadon halitta a 1866, kusan ba wanda ya waiwaye shi sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa. Da da ƙidaya a ka auna shi yana raye, da an ce bai yi kome ba. Ban da wannan, a kan ambaci mutum don a ƙaryata shi, wani kuma ya yi ta ambaton kansa, ko a sa sunan wanda bai ɗiga ko alƙalami ba. Fannoni ma ba ɗaya su ke ba: likitoci sun fi masu tarihi yawan ambaton juna. Kuma yawancin abin da a ka rubuta da Hausa ko Yarbanci ko Ibo ba ya shiga manyan kundayen nan. Don irin wannan ne waɗansu masana su ka tsara wata sanarwa a San Francisco a 2012, su ka ce a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga aikinsa a ciki.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun ji an ce lambar wane kaza ce, ku nemi rubutunsa ku karanta tukuna. In kuwa ku ne ke rubutun, ku ambaci duk wanda ku ka ɗebi ilminsa, hakkinsa ne.