Ciwon Glanzmann: Idan Jini Ya Taru Cikin Tsokar Yaro



Yaro ya faɗi a filin ƙwallo, ko ƙwarzane bai yi ba, amma kafin magariba cinya ta kumbura, ta yi tauri, ya kasa takawa. Me aka saba yi a gida? A gasa masa da ruwan zafi, a murza da man zafi, ko a garzaya kemis a yi masa allura. To, idan yaron nan yana da ciwon Glanzmann, duk ukun nan ƙara zubar jinin suke yi.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan, Eduard Glanzmann, shi ya fara bayanin ciwon a 1918. Ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, waɗanda likitoci ke kira filatilet, suna nan cif a jikin yaron, sai dai ba sa manne wa juna. Shi ya sa gwajin ƙirga su kan fito lafiya lau, a sallami iyaye, alhali haɓo da jinin dasashi ba su daina ba. Kimanin mutum 1 cikin miliyan ke da shi, kuma sai yaro ya gada daga uwa da uba duka biyu. Saboda haka ya fi yawa inda ake auren zumunci, kamar Iran da kudancin Indiya. Mu ma kun san ba baƙonmu ba ne auren nan.

Taimakon farko shi ne a kwantar da yaron, a ɗaga ƙafar, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a nufi asibiti. Farasitamol ya isa don zafi. Asfirin da ibuprofen da diclofenac kuwa, a guje su.

A asibiti ana ba da maganin tranexamic acid, in jinin ya yi yawa a ƙara wa yaro filatilet. Matsalar ita ce, in ana yawan ƙarin, jikinsa kan fara yaƙar su har su daina aiki. Nan maganin NovoSeven ke shigowa, ana ba da shi ta jijiyar jini, galibi duk bayan awa 2 har jinin ya tsaya. Tsada gare shi, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko yaro ya lanƙwashe ƙugu ya kasa miƙewa, jini ne ke danne jijiya. Ko tsakar dare ne, a kai shi. Maganar kaciya kuma, kada a kira wanzami sai likita ya tsara.