Yadda Ake Zama Likitan Haƙori, da Abin da Aikin Ke Bukata a Ƙasar Guri

An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da magatakardansu na Masarautar Haɗejiya, musamman na ƙasar Guri da sauran gundumomin da ke bakin fadama, don su san hanyar da yaro ke bi ya zama likitan haƙori, da kuma inda hannunsu zai iya kai wa cikin lamarin.

Jama'a ba su cika lissafa ciwon haƙori cikin manyan cututtuka ba. Manomi a Kadira, ko masunci a Abunabo, in haƙori ya dame shi, sai ya cusa kanumfari a kogon ya jure, in abin ya ci tura ya nemi wanzami ko mai sayar da ƙwayoyi ran kasuwa. Mafi yawa su kan tsira da asarar haƙorin kaɗai. Amma idan matauni na ƙasa ya ruɓe ya tara mugunya, ta kan gangara ƙarƙashin harshe da wuya, ta toshe hanyar numfashi, ta kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wata cuta ta ƙananan yara wadda likitoci ke kira noma, ko da yake sunan ba shi da wata dangantaka da noman gona. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Daga dasashi ta ke farawa, sa'an nan ta cinye kumatu da leɓe, kuma cikin yara 10 da ba a yi wa magani ba, har 9 na iya mutuwa. Alhali kuwa in an gane ta tun tana dasashi, maganin ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsai da ita. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta.

Masu wannan ilimi kaɗan ne ƙwarai, kuma Arewa ta makara wajen samunsu. Ɗan Nijeriya na farko da ya zama likitan haƙori shi ne Dokta Sydney Obafemi Philips, wanda ya gama karatu a Birtaniya cikin 1926. Makarantar farko ta cikin gida a Jami'ar Ikko aka buɗe ta cikin 1966, na Badun da Ife da Binin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa ba ta sami tata ba sai 2002 a Jami'ar Maiduguri, watau bayan shekara 36, daga bisani Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe. Har yau likitocin haƙori na ƙasar nan 'yan dubbai ne, ga jama'a fiye da miliyan 200, yawancinsu kuwa suna manyan birane. Saboda haka gundumar da ta zauna jiran a turo mata likita daga nesa za ta daɗe tana jira, wanda aka turo ɗin ma da wuya ya yi damina biyu bai nemi canji ba. Wanda ake sa ran zai zauna shi ne ɗan ƙasa, wanda iyayensa da gonar gidansu ke nan, wanda kuma in tsohuwa ta yi masa bayanin ciwonta da Manganci ko Badanci ko Fillanci ba sai an nemo tafinta ba.

Hanyar Karatun

Hanyar tana da tsawo, kuma tun daga sakandare ake kama ta ko a kuskure ta. Tilas yaro ya shiga ajin kimiyya, ya ci darussa 5 da kyakkyawan sakamako a jarrabawar WAEC ko NECO, watau Turanci, Lissafi, Fizik, Kemistiri da Bayoloji. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB, inda makin da ake nema ga wannan fanni ya ke cikin mafi tsanani. A jami'a shekara 6 zai yi. Shekarun farko tare da ɗaliban likitanci ya ke karatun ƙirar jikin mutum da yadda ya ke aiki, daga nan ya koma ga baki da muƙamuƙi, ya fara koyon cike haƙori a jikin kan roba kafin a yarda ya taɓa mutum. In ya gama, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya za ta ba shi rajista ta wucin gadi, ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya a asibitin da aka amince da shi, sa'an nan ya sami cikakkiyar rajista, ya yi shekarar bautar ƙasa. Jimla shekara 8 ke nan bayan sakandare, in ba a sami tsaiko ba.

A nan ne aikin Hakimi ya ke. Yawancin yaran karkara da suka faɗi a hanya ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba. Wani makarantarsu ba ta da malamin Kemistiri, wani kuɗin rajistar jarrabawa ne ya gagara, wata kuwa aure aka yi mata tana aji biyar. Ya kamata kowane Hakimi ya nemi shugabannin makarantun ƙasarsa su ba shi sunayen yaran da suka fi hazaƙa a kimiyya kowace shekara, magatakarda ya rubuta su a littafi guda tare da sunan Bulaman garinsu, a riƙa bibiya. In lokacin neman tallafin karatu na Jiha ya yi, a tabbata takardar shaidar asali ta fito da wuri. A lura da 'yan mata musamman, gama akwai matan aure da yawa da za su gwammace su kwana da ciwo da su buɗe baki gaban namiji baƙo.

Ba kowane yaro ne zai kai matsayin likita ba, aikin kuma ba na likita kaɗai ba ne. Akwai masu wanke haƙora da koyar da tsabtar baki, akwai masu ƙera haƙoran roba, akwai masu taimakon likita a ɗakin aiki. Karatunsu bai kai nasa tsawo ba, kowane rukuni kuma da hukumar da ke yi masa rajista. Tsohuwar makarantarsu an kafa ta a Ikko cikin 1955, aka mayar da ita Inugu cikin 1982.

Buɗe Wurin Aiki

Likitan da ya dawo gida zai iya kama aikin Gwamnati, ko ya buɗe nasa wurin, ko ya fara da na farko ya tara jari. Mai buɗe nasa sai ya yi wa wurin rajista da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha, kuma ya sabunta lasisin aikinsa kowace shekara. Kayan aikin suna da tsada, yawancinsu daga ƙasashen waje ake kawo su: kujerar aiki, injin iska mai juya abin huda haƙori, na'urar hoton ƙashi, da tukunyar turara ƙarafa. Ita wannan tukunya ba a yi mata rowa. Tana dafa kayan aiki da tururi mai zafin awo 121 har minti 15 ko fiye, kuma ita ce ke tsakanin mai haƙuri da ciwon hanta ko ƙanjamau na wanda ya riga shi zama a kujerar. Wurin da ake cire wa mutum goma haƙori da awartaki ɗaya ana ɗauraye shi a kwano, wurin raba cuta ne, ko da an rataya allo mai kyau a ƙofarsa. Duk waɗannan kaya suna bukatar wuta da ruwa mai tsabta, don haka mai hankali ya kan fara lissafin hasken rana da tankin ruwa kafin ya yi lissafin fenti.

Ƙasar fadama kuma tana da nata hali. Kuɗin manomi da kaka ya ke zuwa, ko bayan an girbe shinkafa da tattasai na rani, ciwo kuwa ba ya duba wata. Likitan da bai tanadi littafin bashi da haƙurin jira ba, ba zai daɗe ba. Da damina hanyoyi su kan yanke, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, garuruwa da yawa sai da kwalekwale. Saboda haka ya fi dacewa likita ya sa zangonsa a gari mai jama'a, kamar Haɗejiya, ya riƙa fita rangadi ƙauyuka ranakun kasuwanninsu da rani. Akwai dabarar da ta dace da irin wannan fita, wadda aka fara gwadawa a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980: a kankare ruɓar da ƙananan ƙarafa na hannu, a cike kogon da wani irin siminti na haƙori, ba wuta ba inji. Cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, cikin jerin magunguna na tilas. Abin da Hakimi zai taimaka da shi a nan ba shi da wuya: ɗaki mai tsabta a asibitin gari ko makaranta, da sanƙira ya yi shela tun ana saura kwana biyu.

Duk wanda ya zo gunduma ya ce shi likitan haƙori ne, ko mai sa haƙorin Makka, Hakimi yana da ikon ya nemi ganin lasisinsa na wannan shekara da takardar rajistar wurinsa. In babu, a sanar da shugaban sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma a rubuce, magatakarda ya ajiye kwafe.

Kafin a kai ga samun likita na gida, a umurci Dagatai da Bulamai su sanar da jama'arsu alamun da ba a kwana da su. Ga babba, kumburi ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi, ko kasa buɗe baki, ko wuyar haɗiye miyau. Ga yaro, dasashi mai jini da ɗoyi, ko kumburin kumatu da baƙin tabo, musamman bayan ƙyanda. Wanda aka ga haka gare shi a kai shi Babban Asibitin Haɗejiya, ko Asibitin Tarayya na Nguru in can ya fi kusa, a ranar, ko da a kwalekwale ne.