Sama Ta Yi Fari Fat A Hotonka? Ga Dalili, Ga Magani

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa ɗaga waya ya ɗauki hoton gona ko dutse a lokacin hunturu ya san abin da zan faɗa. Da idonka ka ga wuri mai kyau, amma da ka buɗe hoton sai ka tarar sama ta yi fari fat kamar an shafa mata farar ƙasar Ƙanƙara. Ni ɗan Ƙanƙara ne, ina shekarar ƙarshe ta difloma, kuma tun shigowata makaranta nake ɗaukar hoton yankinmu duk hutu, har Faskari da Sabuwa. Dalilina shi ne, in ka rubuta sunayen garuruwan nan a intanet, abin da zai fara fito maka labarin 'yan bindiga ne, musamman tun bayan sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Alhali muna da gonakin masara da auduga, da duwatsu, da madatsar ruwa ta Mairuwa. In ba mu nuna su da kyau ba, wa zai nuna mana?

Abu biyu ne ke kashe sama a hoto. Na farko hazo. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi. Iska mai tsabta ta fi watsa shuɗin haske, shi ya sa muke ganin sama shuɗiya. Ƙura kuwa duk launukan take watsawa kusan daidai, sai shuɗin ya dusashe ya koma fari ko ruwan toka. Na biyu kyamarar ce kanta. Sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba, kuma kyamara ba ta iya ɗaukar haske mai tsanani da duhu a lokaci guda kamar yadda ido ke yi. In ta daidaita kanta da ƙasa, sai sama ta ƙone. Hoton JPEG matakan haske 256 gare shi a kowane launi, daga 0 zuwa 255. Duk wurin da ya kai 255 ya zama fari zalla, babu abin da ya rage a ciki, kuma babu manhajar da za ta dawo maka da gajimaren da ya ɓace a nan.

Saboda haka gyara tun wajen ɗauka yake farawa. Goge gilashin kyamarar tukuna, don ƙurar aljihu kaɗai tana iya sa hoto ya yi hazo-hazo. Sannan ka taɓa sama a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa har gajimare ya fito. Ƙasa za ta yi ɗan duhu, kada ka damu: duhu ana ɗaga shi daga baya, ƙuna ce ba ta da magani. In wayarka na da HDR kunna shi, in tana ɗaukar RAW ya fi, don yana adana matakan haske da yawa fiye da JPEG. Lokaci ma yana da muhimmanci. Daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, su ne lokutan aiki. Tsakar rana kuwa wahalar banza ce. Kada ka fuskanci rana, bar ta a gefen kafaɗarka, don ɓangaren saman da ke can ya fi shuɗi. In kuma ranar sama ba ta da komai, rage mata wuri: ba ta kashi ɗaya cikin uku na hoton ko ƙasa da haka, ka cika sauran da dutse, ko kuka, ko masu sussukar masara.

Yanzu sai gyaran kansa. Snapseed kyauta ce, Lightroom ta waya ma akwai abubuwa da yawa da take yi ba sai ka biya ba. Ga yadda nake bi. Ina fara da ma'aunin wurare masu haske, wanda muke kira hailait, in ja shi ƙasa sosai. Sai na ɗaga shado, wato wurare masu duhu, don ƙasa ta fito. Daga nan sai in zaɓi sama ita kaɗai, da burushi ko da abin zaɓen yanki, in rage mata haske kaɗan, in ɗan karkata launinta zuwa shuɗi. A Lightroom akwai ma'aunin kore hazo, dihez, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 2015; kamar don hunturunmu aka yi shi, amma a taɓa shi da hankali. Launi shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan.

In ka wuce gona da iri hoton da kansa zai tona maka asiri. Za ka ga wani farin zobe ya kewaye rassan bishiya da bakin dutse, ko sama ta rabu layi-layi kamar zanen atamfa, ko ta cika da ɗigo-ɗigo. In ka ga ɗaya daga ciki, koma baya. Ajiye wayar na minti biyar ka sake dubawa, don ido yana sabawa da launi har ya daina ganin ya yi yawa. Ka kuma riƙa ajiye hoton asali daban, kuma in za ka tura ta WhatsApp tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi layukan nan su ƙara fitowa.

Akwai hoton da ba ya gyaruwa ta wannan hanya. Irinsa gara ka mai da shi baƙi da fari, ko ka bar hazon yadda yake. Duwatsu jere a cikin hazo, na kusa da duhu, na nesa suna ɓacewa a hankali, hoto ne mai kyau da ba a samu da damina.

To, batun cire sama gaba ɗaya a sa wata fa? Ba sabon abu ba ne. Tun wajen 1856 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya, don kayan aikin zamanin ba sa iya ɗaukar duka biyun tare. A Oktoban 2020 Photoshop ta mai da aikin dannawa ɗaya, yanzu kuwa manhajojin waya ma suna yi. Sai dai ɗan ƙauye ba ya ruɗuwa da sauƙi. Ka sa hadarin Agusta a kan gonar da aka girbe, ga karan dawa a bushe, ga kuka babu ganye, wa za ka yaudara? Gawo ma shaida ne: da rani yake ganye, da damina ya kakkaɓe, don haka koren gawo a ƙarƙashin baƙin hadari ƙarya ce tsirara. Haka inuwa, in rana na dama a sabuwar saman amma inuwar bishiya ita ma ta faɗi dama. A Mairuwa kuwa ruwan zai ci gaba da nuna farar saman asali, ta sama tana ja.

Ga inda ni na ja layi. In hoton ado ne, na bango ko katin biki, canja sama abinka, amma in an tambaye ka faɗi gaskiya. In kuwa hoton shaida ne, na labari a wannan mujalla, ko na furojet, ko na rahoton koyon aiki, to iyakarka haske da launi. Kada ka ƙara komai, kada ka cire komai. Manya ma sun ɗanɗana kuɗarsu a kan haka. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar kusa da juna don su shiga bangonta, har yau ana ba da misali da ita. A 2014 kamfanin labarai na AP ya raba gari da mai hoto Narciso Contreras saboda ya goge kyamarar wani daga hoton yaƙin Siriya. Mu abin ya fi shafar mu. Wanda ya kama ka da saman ƙarya a hoton Faskari, ranar da ka kawo masa hoton gonar da ambaliya ta cinye ko gadar da ta karye, cewa zai yi wannan ma haɗi ne, kuma mutanen garin ne za su yi asara.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duk na baya: babu hoton da ya kai ranka. Kada neman gajimare ya kai ka daji. Tsaya kusa da gari, tambayi mutanen wurin kafin ka hau dutse, kada ka ɗauki shingen jami'an tsaro, kuma nemi izinin manomi kafin ka ɗauke shi a gonarsa. In kana son sama mai kyau ba tare da wahalar gyara ba, jira ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin ruwa ya wanke iska, gona na kore, hazo bai sauko ba. Wanda ya gwada a hutun nan ya kawo wa mujalla hotuna biyu, na asali da gyararre, mu buga su gefe da gefe kowa ya yi hukunci.